Tsakanin fada da majami'a: Yadda matasa Kiristoci ke ƙin ƙwaya ba tare da sun rabu da abokai ba

Bayan sallar isha'i, idan zafi ya sauka, titunan Maraɗi na komawa hannun matasa. Kusan kowace kwana akwai benci ko tabarma, da ƙaramin murhun gawayi, da butar shayi, da wayar salula mai fitar da kiɗa. Wannan ita ce fada. A ɗaya daga cikin fadodin unguwar Zariya, samari tara ne ke haɗuwa kullum, bakwai daga cikinsu ƴan kabu-kabu. Takwas Musulmi ne. Na taran Kirista ne mai shekara 23, kuma shi ne ke dafa shayi a mafi yawan darare, domin abokan sun yarda ya fi kowa iya tada kumfa.

Akwai wani dalilin da bai cika faɗa ba. Wanda ke riƙe da buta ya san abin da ya shiga kofi. Shekara huɗu da suka wuce, a wata fadar daban, cikin kofi aka fara ba shi tramol.

Ya nemi a sakaya sunansa, saboda har yanzu iyayensa ba su san rabin labarin ba. Ya faɗi jarrabawar BEPC sau biyu, ya bar makaranta, wani ɗan kasuwa ya ba shi babur bisa sharaɗin kowane dare zai kai masa wani adadi na kuɗi, abin da ya yi saura nasa ne. A makonnin farko, da la'asar ta yi sai bayansa ya riƙe, idanu su yi nauyi, alhali abokan sana'arsa na ci gaba da ɗaukar fasinja har tsakar dare. Babu wanda ya tilasta masa. Dariya kawai suke yi, suna kiransa ɗan fasto, suna cewa wannan sana'a ba ta ragwaye ba ce. Ranar da ya karɓi kofin, ya yi aiki har ƙarfe ɗaya na dare bai ji gajiya ba, ya koma gida da kuɗin da bai taɓa samu ba. Washegari shi da kansa ya nemi mai sayarwa.

Wannan ita ce siffar matsin lambar abokai da aka fi gani a biranen kudancin Nijar. Ba ta zuwa da barazana. Tana zuwa da taimako, daga hannun wanda ya san ba a ci abinci a gidanku ba.

Ƙwayar da ta fi kwanon abinci araha

Tramadol, wanda kan titi ake kira tramol, maganin ciwo ne mai ƙarfi da likitoci ke rubutawa bayan tiyata ko mummunan rauni. Na likita yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a son babban mutum ya wuce 400 a yini guda. Wanda ke yawo a hannun masu tallar magani kuwa yakan zo da 120, 200, 225, har 250 a ƙwaya ɗaya. Akasarinsa daga Indiya yake fitowa, ya sauka a tashoshin jiragen ruwa na gaɓar teku irin su Kwatano, Lome da Legas, sannan ya hau mota zuwa arewa. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ba da labarin kama ƙwayoyi fiye da miliyan 3 a Nijar a watan Satumban 2017, an ɓoye su cikin kwalaye masu ɗauke da tambarin Majalisar kanta. Maraɗi na da nisan kusan kilomita 50 ne da iyakar Najeriya, kuma abin da ya shiga kasuwar can ba ya daɗewa bai iso nan ba.

Wanda ya wuce ƙa'ida na iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Haka ya faru da matashin unguwar Zariya bayan kusan shekara guda yana sha, a kan hanyar Tibiri, da rana tsaka. Allah ya taimaka babu fasinja a bayansa. Ya farka a gadon likita da karyayyen hannu, babur kuma ya tafi wurin gyara bisa bashin da ya ɗauki watanni yana biya.

Mutum na farko da ya zo duba shi daga majami'a ba fasto ba ne. Wani dattijo ne, tsohon kafinta, da kowa ke kira Baba. Bai yi masa wa'azi ba. Ya zauna, ya tambaye shi nawa yake kai wa mai babur kullum, nawa ke saura masa, ƙarfe nawa yake tashi. Da zai tafi sai ya ce masa, ɗana, idan an sallame ka ka riƙa biyowa ta shagona da magariba. Matashin ya ce watanni uku ya yi yana zuwa shagon, yana riƙe katako da hannu ɗaya, yana gumi da rawar jiki da rashin barci irin na wanda jikinsa ke neman abin da aka hana shi. Sau biyu ya koma ya sha. Sau biyun ya gaya wa Baba, kuma maganar ba ta fita daga shagon ba.

Ɗaya cikin ɗaruruwa

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba. Duk da ƙarancinsu, ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Ƴan mishan na SIM sun sauka a Damagaram tun 1924, daga baya suka kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, sai kuma na kutare a Danja. Daga wannan aiki ne majami'ar EERN ta fito a farkon shekarun ƴancin kai. Ɗariƙar Katolika kuma na da babbar cibiya a Maraɗi, wadda Bishop Ambroise Ouédraogo ya fara jagoranta a 2001. Akwai iyalai a Maraɗi, Tsibiri, Galmi da Dogon Dutsi da suka kai kakanni uku ko huɗu cikin Kiristanci, Hausa ce harshen sujadarsu, da ita suke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi tun 1932.

Abin da wannan lissafi ke nufi ga yaro mai tasowa shi ne, a ajinsu shi kaɗai ne, a layin kabu-kabu shi kaɗai ne, a fada ma haka. Shawarar da aka saba bai wa matasa, cewa su rabu da miyagun abokai su nemi irinsu, ba ta da sauƙin aiki a nan. Idan ya ce sai da Kiristoci zai zauna, to zai zauna shi da ƴan uwansa na ɗaki ɗaya da wasu biyar da yake gani ranar Lahadi. Ga kuma buƙatar a karɓe shi. Wanda ya riga ya bambanta da kowa ta fuskar addini ba ya son ya ƙara wani bambancin a kai. Da yawa daga cikin waɗanda suka faɗa shaye-shaye sun ce abin da ya ja su ke nan: son a ce shi ma namu ne.

Fada kuwa ba wurin ɓata lokaci kawai ba ce, duk da abin da manya ke faɗa. Ta yaɗu ne a shekarun 1990, lokacin da aikin gwamnati ya ƙare wa masu takardun makaranta, kuma mai bincike Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2019. A fada ake jin inda ake neman lebura, a fada ake haɗa gudummawar biki da ta suna, ƴan fada ne ke gadin unguwa da dare, su ne ke ɗaukar mutum zuwa likita idan ya faɗi. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, saurayin da ba shi da fada kamar ɗan kasuwa ne da ba shi da rumfa.

Akwai kuma wani matsi da Kirista kaɗai ke fuskanta, wanda ba a cika maganarsa a fili ba. Mutane da yawa sun ɗauka addininsa ya halatta masa giya. Doka ba ta hana sayar da ita a Nijar ba, amma saurayi Musulmi da ke sha ba ya son a gan shi a ƙofar mashaya. Sai a juya ga abokin nan Kirista, a miƙa masa jika biyu, a ce kai ai babu mai ce maka komai. Daga ɗan aike sai ya zama abokin sha. Gaskiyar ita ce majami'un bishara da suka samo asali daga SIM sun daɗe suna hana mabiyansu giya, kuma ko Katolika da ba su haramta ta ba suna Allah wadai da maye. Amma zaton ya riga ya zauna, kuma ya taɓa jawo asara. A watan Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, masu tarzoma a Maraɗi sun haɗa mashaya da majami'a cikin wuraren da suka kai wa hari, kamar yadda masaniyar tarihi Barbara Cooper ta bayyana a littafinta kan Kiristocin yankin. Saboda haka idan dattawan majami'a suka ce wa yaro kada a gan shi da kwalba, ba ransa kawai suke tunani ba. Suna tunanin rufin da ke kansu duka.

Daniyel bai bar fadar sarki ba

A tarukan matasa na majami'u, labarin da aka fi komawa gare shi shi ne na Daniyel da abokansa uku, samarin da aka kwashe zuwa Babila aka sa su cikin masu koyon aikin fadar sarki. An ba su abinci da ruwan inabin sarki, suka nemi a bar su da ganye da ruwa, a gwada su kwana goma a gani. Wani shugaban matasa a Maraɗi, malamin makarantar firamare, ya ce abu biyu yake jan hankalin yara a kai duk lokacin da aka karanta wannan wuri. Na farko, su huɗu ne, ba mutum ɗaya ba. Na biyu, ba su gudu daga fadar ba, sun zauna a cikinta, sun yi aiki da mutanenta, abin da ke cikin kwano kawai suka ƙi. Ya ce da zarar ya ambaci fada sai yara su fashe da dariya, domin sun gane inda maganar ta nufa.

Labari na biyu shi ne na Yusufu da matar maigidansa, wanda ya bar rigarsa ya gudu. Wannan kam ba ya buƙatar dogon bayani a kowace fada, tunda Alƙur'ani na da sura guda a kan Annabi Yusuf. Darasin da ake ciro wa matasa a nan ya saɓa da na farko: akwai inda zama ba jarumta ba ne, tashi ake yi. Sanin wanne ne na zama, wanne ne na tashi, shi ne abin da ba a koya a wa'azin Lahadi ɗaya.

Idan aka dubi abin da majami'un ke yi a aikace, wa'azi shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Babban aikin shi ne cike sa'o'in da ke tsakanin magariba da barci. Addu'ar tsakiyar mako, koyon waƙa na ƙungiyar mawaƙa, nazarin Littafi Mai Tsarki a gidan wani, ƙwallo ranar Asabar, taron matasa a lokacin babban hutu. A daren 31 ga Disamba, daren da samari da ƴan mata ke tara kuɗi tun wata guda don shagali, kuma daren da da yawa ke fara shan abin da ba su taɓa sha ba, majami'u na yin sujadar kwana har a shiga sabuwar shekara. Yaron da aka ba shi ganga ko jita a wannan dare yana da amsar da zai bayar idan an kira shi a waya, kuma ba ƙarya zai yi ba.

Nan ne addini ke ba da abin da gargaɗin likita ba ya bayarwa. Idan saurayi ya ce ba ya sha domin yana tsoron lafiyarsa, za a ce masa matsoraci. Idan ya ce babansa ya hana, za a ce yaro ne. Amma a Maraɗi ko Damagaram, wanda ya ce addininsa ya hana shi, kuma aka ga ya tsaya a kan haka wata da watanni, ana ƙyale shi, domin kowa a wurin ya san nauyin wannan magana a nasa addinin. Sharaɗin dai shi ne tsayuwar. Wanda ya ƙi yau ya karɓa gobe, ya fi wanda bai taɓa ƙi ba shan ba'a.

Matashin unguwar Zariya ya ce bai koma tsohuwar fadarsa ba, domin mai sayar da ƙwayar a cikinta yake zama. Wannan ta tashi ce. Sabuwar kuwa ya same ta ne ta hannun wani abokin sana'a, ɗalibin makarantar Islamiyya ta dare, wanda shi ma ba ya shan ko taba. Su biyun ne suka zama masu cewa a'a a wurin. Idan aka tashi salla, Kiristan ke gadin babura da buta. Ranar Lahadi da safe, abokin ne ke ɗaukar fasinjojinsa na kullum, ya kawo masa rabin kuɗin. Ba su taɓa zama sun yi muhawarar addini ba, in ji shi, kuma ba ya jin za su yi.

Janairun 2015

Matsin abokai ba a ƙwaya ya tsaya ba. Jarrabawa mafi tsanani da matasa Kiristoci na wannan ƙasa suka fuskanta ta zo ne a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar adawa da zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe zuwa tarzoma, a Damagaram ranar Juma'a, a Yamai ranar Asabar. Mutum 10 suka mutu. Ƴan sanda sun ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai kaɗai, ban da mashaya da otal-otal. A Damagaram ɗaruruwan Kiristoci sai a barikin soja suka fake.

Wani mai walda a Damagaram, wanda a lokacin yake da shekara 19, ya ce maƙwabtansu Musulmi ne suka shigar da mahaifiyarsa da ƙannensa cikin gidansu har ƙura ta lafa. Amma ya kuma gane fuskoki biyu cikin waɗanda suka nufi majami'arsu, yaran da suka yi ƙwallo tare. A kwanakin da suka biyo baya, ya ce, matsin bai fito daga waje ba. Daga cikin samarin majami'a ya fito, da kuma saƙonnin ƴan uwa da ke ƙasashen waje, masu tambayar har yaushe za a riƙa naɗe hannu. Kowa ya san labaran ramuwar gayya na Jos da Kaduna. Shugabannin majami'u, na Katolika da na bishara, sun fito sun yi kira da a yafe, kuma abin da aka yi ke nan.

Mai son gaskiya zai ce jama'ar da ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba dama ba ta da wata hanyar. Haka ne, a wannan karon bangaskiya da lissafi wuri ɗaya suka nuna. Sai dai lissafi na iya hana mutum ɗaukar dutse, ba ya sa shi ya gaida wanda ya jefe shi. Mai waldan ya ce ya shafe kusan shekara yana sauya hanya don kada ya haɗu da ɗaya daga cikin yaran nan biyu. Yanzu yakan yi masa gyaran ƙofa. Ba su taɓa tada maganar ba.

Rahotanni da dama sun ɗora alhakin ɓarnar Damagaram a kan ƴan palais, gungun samarin da suka yi suna da ɗaga ƙarfe da faɗan unguwa. Wanda ya kalli fim ɗin da Aïcha Macky ta yi a 2021 a unguwar Kara-Kara, unguwar da asali aka ware wa kutare, ya ga cewa su ma yara ne da babu makaranta, babu aiki, sai fasa-ƙwaurin man ruwa-ruwa da fasa dutse. Abin da palais ke ba su, wato suna da kariya da wurin zama, shi ne dai abin da ƙungiyar mawaƙa ke bai wa wani. Bambancin yana ga abin da kowace ƙungiya ke nema a biya ta da shi.

Inda majami'a ke kasawa

Ba duk labaran ne ke ƙarewa da kyau ba, kuma ba duk matsin ne ke zuwa daga wajen majami'a ba. Akwai yaran da suka fara shan ƙwaya a hannun abokin ƙungiyar mawaƙa. Akwai gasar tufafi ta Kirsimeti, da ankon biki, da wayar da dole ta zama irin ta wance.

Ƴan mata ne suka fi ɗaukar wannan nauyi. Wata ɗaliba a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ta ce a ɗakin kwana babu wadda ke ce miki ki bi namiji mai kuɗi, sai dai a tambaye ki me ya sa har yanzu kike riƙe da wannan tsohuwar waya, me ya sa ba ki ɗan shafa mai kin yi haske ba. Ga kuma ƙarancin samari Kiristoci masu halin aure, abin da ke sa shawarar a yi haƙuri ta yi wa mai shekara 27 nauyin da ba ta yi wa mai shekara 18 ba. Ta ce abin da ya riƙe ta shi ne ƙungiyar ɗalibai masu nazarin Littafi Mai Tsarki, da wata uwa a zumuntar mata da takan kira ta duk ranar Juma'a ta ce, ƴata, kin ci abinci? Wata ranar har da jika ɗaya a cikin tambayar.

Matsalar ita ce abin da ke faruwa da wanda ya faɗi. A majami'un bishara da yawa akwai horo: a sanar a gaban jama'a, a hana mutum jibin Ubangiji, a cire shi daga mawaƙa na wasu watanni. Manufar ita ce gyara. Amma a ikilisiyar da kowa ya san kowa, kuma rabi dangi ne, sanarwar na iya zama kora. Sannan horon ba ya faɗuwa daidai. Ciki yana nunawa, ƙwaya ba ta nunawa sai ta kada mutum, saboda haka yarinya ce ke tsayawa a gaban jama'a yayin da saurayin ke zaune a benci na uku. Wadda aka kunyata haka, idan ta fita, waɗanda za su karɓe ta hannu biyu su ne ainihin waɗanda aka ce ta guje wa.

Akwai kuma iyakar da addu'a ba ta kamata ta tsallaka ita kaɗai ba. Wanda ya daɗe yana shan tramol jikinsa ya saba, kuma yankewa lokaci guda na zuwa da ciwon jiki, gudawa, rashin barci da baƙin ciki mai tsanani. Wannan aikin likita ne. Iyalan da ke ɓoye yaro a ɗaki suna kiran masu addu'a kawai, don gudun kada a ji, suna yi masa abin da iyalan da ke kai nasu a ɗaure da mari ke yi. Fastocin da suka fahimci haka na rakiyar yaro zuwa likita da kansu. Ba su da yawa.

Idan aka bar gida

Duk wannan tsari, na Baba mai shago da uwar zumunta da ganga a daren 31, a unguwa yake aiki. Ɗan ci-rani yana barin sa a tasha. Wanda ya nufi kudu, Kwatano ko Abijan ko Akara, yakan tarar da abin da bai saba ba: majami'a a kowane layi, giya ma a kowane layi, kuma Kiristocin can na sha babu mai kallonsu. Dalilin da ya riƙe a Maraɗi, cewa mu ba ma sha, sai ya ga ashe ba na kowa ba ne. A nan ne ake gane ko ƙin da yake yi nasa ne, ko na idon jama'a ne. Wanda ya nufi arewa ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya kuwa, sau da yawa sai ya ajiye sunansa na baftisma ya ɗauki wani, ya kwana ɗaki ɗaya da mutum goma sha biyar da ke aikin gini da ƙarfin ƙwaya, babu ranar Lahadi, babu mai tambayarsa.

Wasu majami'u sun fara bin ƴaƴansu ta WhatsApp, da rukunin addu'a da saƙon murya na Hausa. Amma ta wannan wayar ce kuma matsin ke dawowa gida. Hoton wanda ya tafi, tsaye jikin motar da ba tasa ba, ya fi kowane wa'azi saurin shiga zuciyar ƙanensa. Haka ma cacar ƙwallo ta waya, wadda ba ta wari, ba ta sa maye, kuma ana iya yin ta a bencin baya ana tsakiyar sujada.

Matashin unguwar Zariya ya ce sau biyu ana kiransa zuwa Libiya, kuma bai rufe ƙofar ba. Bashin babur ya ƙare, amma abin da yake samu yanzu, da yake tashi aiki ƙarfe tara, bai kai na lokacin da yake sha ba. Yana faɗin haka ba tare da ɓoyewa ba. A fadarsu har yanzu akwai mutum uku masu sha, kuma har yanzu ana kiransa ɗan fasto, sai dai sunan ya daina ciwo.

A ƴan makonnin nan wani yaro mai shekara 16 ya fara zama a ƙarshen benci. Ƙanen ɗaya daga cikin ukun ne, Musulmi, an fara ba shi babur da yamma ya gwada hannu. Mai dafa shayin ya lura yaron na dafe baya idan ya sauka. Shi da abokinsa na Islamiyya sun yi magana a kai, suka raba aikin: ɗaya zai sami yayan, ɗaya zai riƙa kai yaron gida da an sha kofi na uku. Daren Talata aka fara. Yaron ya yi gardama, ya ce shi ba ƙaramin yaro ba ne, sauran suka yi dariya, amma ya hau bayan babur ɗin.